Tafintar da na yi wa ƙanena na cuce shi

Edita, na daɗe ina karanta wannan shafi ban taɓa zaton zan rubuto ba. Ni mutumin Maraɗi ne. A ƙarshen shekarun dubu biyu ina ɗalibi a Lyon ta Faransa, ina da tsawo, ina jin Ingilishi saboda zaman da na yi a Katsina ina yaro, kuma ina ganin ba wanda ya fi ni a cikin 'yan Nijar ɗin garin. A lokacin ne wani abokin karatu ya ja ni zuwa wata ƙaramar ƙungiya mai buga ƙwallon Ostireliya. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, ana dukanta da ƙafa ko da dunƙulen hannu, a yi tsalle a cafke ta a sama, har mutum ya taka kafaɗar wani. Mai koyar da mu Bature ne ɗan Ostireliya, wanda ya ci abinci da wasan a ƙasarsu har gwiwarsa ta lalace ya bari, ya biyo matarsa Faransa. Bai iya Faransanci ba sai gaisuwa, don haka na zama bakinsa, ina masa tafinta a filin wasa. Wannan matsayi ya kumbura mini kai.

Ni na kawo yaron da zan ba da labarinsa. Ɗan Tawa ne, yana aikin lodi a wani sito, ya yi kokawa a gida. A masallacin Juma'a muka haɗu, yana ce mini Yaya, ko kofin shayi ba ya bari in ɗauko da kaina. Cikin 'yan watanni ya wuce mu duka. In ya tashi sama sai ka ce an ɗaga shi da igiya, kuma ba a kayar da shi. Mai koyarwa ya daina kallona a fili, sai in yana son in faɗa wa ƙanen nan nawa wani abu. Ina fassarawa, ina murmushin dole.

Muka je gasa a Paris, yaron ya yi wasan da har abokan hamayya suka tafa masa. Da aka tashi, Baturen ya ja mu gefe mu biyu. Ya ce ya aika hotunan wasan yaron ga wani tsohon abokinsa, kuma wata ƙaramar ƙungiya a can Ostireliya ta yarda ta karɓe shi shekara ɗaya, da wurin kwana da ɗan aikin yi, a gwada shi. Ya ce ba alkawari ba ne, amma shi ma ta irin ƙofar nan ya shiga. Na juya ga yaron, yana ta haki, idonsa a bakina. Na ce masa da Hausa wai Bature ya yaba masa, amma ya ce ya makara, da yana ƙarami ne da an yi wani abu. Ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na koma ga Baturen na ce yaron ya gode, amma danginsa ba za su yarda ba, kuma yana roƙon kada a sake tayar da maganar. Baturen ya dafa kafaɗar yaron. Muka dawo Lyon a jirgin ƙasa, yaron yana barci a kafaɗata.

Bai daɗe ba ya daina zuwa fili. Daga baya ya koma La Courneuve, kusa da Paris, wurin kawunsa, yana tuƙa motar kai kaya. Ni ma na gama karatu na sami aiki a Paris. Da ya yi aure ni na tsaya masa, ɗansa na fari sunana aka sa masa. Duk lokacin nan ban faɗa masa gaskiya ba. Ina gaya wa kaina ai da ya je ma ƙila ba a ɗauke shi ba.

Bayan shekaru tsofaffin 'yan ƙungiyar suka shirya cin abincin rana a wani ƙaramin gidan abinci a unguwar Belleville ta Paris. Baturen ya zo, ya yi furfura, Faransanci ya zauna masa a baki. Ana cikin hira ya dubi ƙanena ya ce har yau yana jin takaicin ƙin zuwansa Ostireliya, ya tambaye shi me ya hana danginsa yarda. Ƙanena ya dube ni, kallo ɗaya, ba fushi a ciki. Sai ya ce wa Baturen lokacin mahaifiyarsa ba ta da lafiya, shi ya sa. Ya rufa mini asiri a gaban kowa, ya ci gaba da cin abincinsa.

A tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na fara yi wa ƙanena kame-kame, ina cewa ƙuruciya ce, ina cewa sharrin shaiɗan. Ya bari na gama. Ya ce, "Yaya, ƙila da ban je ba ma. Amma da ka bar ni na ce a'a da bakina." Jirginsa ya zo ya shiga. Har yau yana gaishe ni ranar salla, yana turo ɗansa ya gaida mai sunansa, kuma ya ce ya yafe mini. Sai dai bai ƙara tambayata shawara a kan komai ba.

Ban san ko da ya zama ɗan wasan da za a san shi ba, kuma ba wanda zai taɓa sani, domin ni na hana a sani. Abin da na koya shi ne hassada ba ta zo mini da ƙiyayya ba. Ina son yaron nan a ranar da na cuce shi. A ƙasar waje da yawa daga cikinmu muna tsayawa tsakanin ɗan'uwa da likita, ko mai gidan haya, ko mai ba da aiki, saboda mun fi shi jin harshe. Duk wanda aka ba wannan amana ya isar da maganar yadda aka faɗe ta, ko da tana ƙona shi. Ni ban yi ba, kuma duk ranar da ɗansa ya durƙusa ya gaishe ni, ba na iya haɗa ido da shi.