Tsohon da Ya So Ganin Gidana

Shekarun da na yi ina tura keken marasa ƙarfi a Harami sun koya mini tsoron mai yawan tambaya. Iƙamata, takardar zaman ƙasa, ta daɗe da mutuwa, izinin aikin ma ba ni da shi. Idan alhaji ya tambayi sunana, rabi nake ba shi. Idan ya ce ina nake zaune, in ce can baya.

Wata shekara, lokacin Umara, wani abokina mai aiki a otal ya haɗa ni da wani tsoho ɗan ƙasar Bosniya. Fari ne tas, siriri, gwiwoyinsa sun gaji. Ya yi karatu a Masar yana saurayi, Larabcinsa irin na littafi ne, yana jin nawa na kasuwa da ƙyar. Muka yi magana zan riƙa kai shi ina dawo da shi har mako guda.

Ranar farko bai ce komai ba sai addu'a. A rana ta biyu, mun gama sa'ayi ina goge gumi, ya waiwayo ya ce, "Ɗana, ba ka da takarda, ko?"

Na ce, "Baba, wa ya faɗa maka?"

Ya ce, "Duk sanda muka doshi mai kaki, keken nan yana canza hanya."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Daga nan tambayoyi suka ɓalle. Maƙwabtanka sun sani? Su nawa suka sani? Mai gidan da kake haya fa? An taɓa zuwa nemanka wani ya ce bai san ka ba? Yana da wani ɗan littafi a aljihun gaba, wani lokaci sai ya ciro ya yi rubutu da harshensu.

Da na koma unguwarmu Tandabawi na ba matata labari. Tana yanka kuɓewa ta ajiye wuƙar.

Ta ce, "Malam, tsohon da ya zo ibada me ya haɗa shi da maƙwabtanmu? Ka rabu da shi."

Na ce ai na riga na yi alkawari.

Ta ce, "To ka tura keke, ka kulle bakinka."

A rana ta huɗu ya ce yana so ya ga gidana, ya sha shayi da iyalina. Ƙin amsawa zai zama rashin kunya, amsawa kuma ganganci. Sai na yi dabara. Ɗan ƙanen mahaifina yana zaune a unguwar Zahir, haifaffen nan ne, takardunsa cikakku. Na roƙe shi ya ara mini falonsa na yammaci ɗaya. Muka ɗauki tasi bayan La'asar, na shigar da tsohon na ce ga gidana.

Ya dubi kujeru, ya dubi labule, ya dube ni. Ɗan'uwana ya kawo shayi da dabino, ya zauna kusa da ƙofa yana kallon hannun baƙon, ko zai ciro littafin.

Wayarsa ya ciro. Ya nuna mana hoton wani zaure cike da mutane cikin baƙaƙen kaya, ga kyandirori a jere, ga shi kansa a tsaye gaban lasifika. Ya ce duk shekara cikin sanyi ana taruwa a garinsu don tuna Yahudawan da aka hallaka a yaƙin duniya na biyu. Ana karanta sunayen mutanen garin da aka kwashe, ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ana gayyatarsa saboda mahaifinsa.

Ɗan'uwana ya harare ni, irin hararar da ke cewa ka ga abin da ka jawo mana.

Tsohon ya ce mahaifinsa maƙerin tagulla ne. Shagon da ke jikin nasa na wani Bayahude ne mai gyaran agogo. Da sojojin Jamus suka shigo tare da 'yan ƙasa masu taya su, aka fara bin gida-gida da takardar sunaye. Mahaifinsa ya kawo mai agogon da matarsa da 'yarsu gida, ya ɓoye mijin a ɗakin ajiyar itace, matan kuma aka sa musu mayafi aka ce dangi ne daga ƙauye. Shi lokacin bai fi shekara shida ba. Abin da yake tunawa shi ne mahaifiyarsa tana ƙara ruwa a miya.

Ya ce, "Duk layinmu sun sani. Mai gasa burodi ya ga burodin da muke saya ya ƙaru. Liman ya sani. Bakin mutum ɗaya kawai ake buƙata a kashe mu duka, bakin nan bai buɗe ba. A layin bayanmu kuwa ya buɗe. 'Yan'uwan mai agogon can suke. An sa su a jirgin ƙasa, ko ɗaya bai dawo ba."

Ɗan'uwana ya gyara zama ya ce, "Baba, mu nan abin da muke ji shi ne an ƙara wa labarin nan gishiri. Kuma ga abin da ake yi wa Falasɗinawa."

Tsohon ya ce, "Abin da ake yi wa Falasɗinawa yana ƙona ni kamar yadda yake ƙona ka. Amma yarinyar da ta kwana a ɗakin yayata ba ta taɓa ganin Falasɗinu ba. Gishiri kuma, ni na san gidajen da suka zama kango. Da ƙafata na wuce su."

Na ce, "To su masu taron, don Allah suke yi?"

Ya ce shi ma yana zarginsu. Wasu don hoto suke zuwa, suna duba agogo ana karanta sunaye. Shekara da shekaru ana cewa ba za a sake ba, sai ga shi da furfurarsa ya ga an kwashe mazan Musulmi a ƙasarsu an harbe, duniya tana kallo. Ɗan ƙanwarsa yana cikinsu. Ya ce, "Na yi shekara biyu ban je taron ba. Sai na ga idan na daina zuwa, masu duba agogo ne kaɗai za su rage."

Na tambaye shi abin da ya sa yake min tambayoyi haka, da abin da yake rubutawa. Ya ce halina da na mai agogo ba ɗaya ba ne, ni ba mai neman raina. Sai dai tun yana yaro yake son gane abin da ke sa layi ɗaya ya rufa asiri, na bayansa ya tona. Ya buɗe mini littafin. Ban iya karanta ko kalma ɗaya ba, don haka bai rage mini fargaba ba.

Na ƙarasa makon da shi. Ranar da zai tafi ya riƙe hannuna a ƙofar otal ya ce, "Ka gaishe da mutanen gidanka na gaskiya." Kunya ta kama ni, amma ban faɗa masa unguwar ba. Na yi kusan wata guda ina jiran a buga mana ƙofa. Ba a buga ba.

Daga baya na nemi labarin a wayata da Larabci, ina so in kama shi da ƙarya. Na ga hotunan takalma tsibi guda, har da na jarirai. Na ga mutane sun rame kamar itace a bayan waya mai ƙaya. Na nuna wa matata, ta kalla sau ɗaya ta mayar mini da wayar, ta ce kada in sake nuna mata.

Akwai wurin mai shayi da muke zama bayan sallar Asuba, mu masu tura keke. Wata rana hira ta kai ga Yahudawa, wani dattijo mutumin Sakkwato, wanda muke girmamawa, ya ce duk ƙarya ce suka shirya don duniya ta tausaya musu. Ranar na shanye shayina na tashi. Da ya maimaita bayan 'yan makonni sai na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, abin nan ya faru. Na tura keken wanda aka ɓoye wasunsu a gidansu."

Dattijon ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai kuma su wa kake hulɗa da su yanzu?"

Tun daga ranar, idan na iso ana gaisawa da ni lafiya lau, amma maganar wanda aka kama da wanda ya sauya gida sai a bari sai na tashi. Har yanzu ina zuwa. Dattijon ya koma Najeriya bara, ba mu sake tayar da maganar ba kafin ya tafi.