Kawu Kalman da Mariƙin Ƙofa

Kowace Asabar da bakwai na safe, Kawu Kalman yakan jingine kekensa a bayan gidan tarihin jiragen ƙasa na garinmu, ya rataye jakar burodi da jan barkono a ƙusa, ya shige tarago. Shekara ashirin da shida ke nan, ba wanda ya sa shi. Yanzu ido ya yi rauni, ya ce ƙarshen watan nan zai ajiye guduma.

Ni malamin tarihi ne, na shigo aikin sa kai da niyyar ba da shawara. Ya dubi hannuwana, ya miƙo mini tsintsiya. Sai da na shekara biyu ina shara aka ƙara mini girma zuwa kankare tsatsa.

Lokacin muna kan wani koren tarago da lambarsa ta ɓace. Shugabannin gidan suka ce rumfar da ake ajiye taragu ta cika: in ba a tabbatar na layin dogon kwarinmu ne kafin kaka ba, 'yan gwangwan za su yanka shi. Ni kuwa don nuna himma na cire tsohon mariƙin ƙofarsa, duk ya siɗe, na jefa cikin tulin ƙarafa, na ɗaura sabo mai sheƙi.

Kawu ya kira ni: "Tibor, ina mariƙin?"

"Ai ya tsufa, Kawu."

"Kai ma ka fara tsufa, matarka ta jefar da kai? Malamin tarihi! Wuce mu tona."

Asabar uku muna tono. Shi ya gano shi, da lalube. Ya mayar da shi ko gogewa bai yi ba, sannan ya je gidan tsofaffi ya ɗauko Inna Piroska, wadda ta shekara talatin tana kwandasta a layin. Tun daga bakin rumfa ta ce da shugabannin, "In nawa ne, ku shafa ƙasan mariƙi, akwai ɗan rami. Zoben aurena ya ci shi. Mijin ma bai daɗe kamar zoben ba."

Babbansu ya shafa. Ta zo ta kama, zoben ya zauna daram cikin ramin. Taragon yana cikin rumfa har yau. Sabon mariƙina kuma yana ƙofar bayan gida, ana yaba sheƙinsa.

Kawu, kai ne mai gyaran da ya san abin da ba a gyarawa. Mun san ba ka son yabo, shi ya sa na rubuta da ƙananan baƙaƙe, yadda ba za ka iya karantawa ba. Mun gode.

Saura taragu huɗu a waje, ruwa yana dukansu. Duk mai Asabar a hannu ya zo, amma kada ya jefar da komai sai ya tambaya. Makullan rumfa Kawu ya ba wani. Ni ya mayar mini da tsintsiya.