Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

A shekararmu ta biyu a kwaleji aka ɗora mana wani kwas da ba a yin sa a cikin aji. Malaminmu, wani dogon mutum mai magana da hannuwa, ya ce duk mai karatun koyar da manya da bai taɓa zama gaban babba ya koya masa baƙi da wasali ba, yaudarar kansa kawai yake yi. Ya raba mu bibbiyu, ya watsa mu cikin unguwannin Jos, kowace Asabar da safe har ƙarshen zangon karatu. Ni dai ban so ba. Asabar ranar wankina ce da barcina, ga shi damina ce, ruwan Jos kuwa ba ya shawara da kowa kafin ya sauko.

Aka haɗa ni da wata 'yar ajinmu, 'yar Ibo, haifaffiyar Jos, babanta na da shagon kayan wuta a Taminus. Hausa a bakinta ba ta tsayawa, sai dai ba ruwanta da mace ko namiji. Kowa a wurinta “kai” ne, kowa “ya zo”. Tana da tambaya kamar ɗan sanda, ni ma ba baya ba wajen son jin ƙwaƙwaf, shi ya sa tun a keken farko daga Rikkos muka zama ƙawaye.

Kwararafa aka tura mu, wani ɗakin Islamiyya da yara ba sa shiga sai da yamma. Ɗalibanmu mata ne, yawancinsu sun haife mu: masu ƙosai, masu awara, da wata tela da ke zuwa da tef rataye a wuya. Suna ce mana “Malama” suna danne dariya. Kwaleji ta ba mu ƙananan alluna baƙaƙe da alli, da wani ɗan littafin koyon karatu da malaminmu ya haɗa da kansa.

A cikinsu akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Kullum ita muke tararwa a bakin ƙofa, kuma kullum kusa da taga take zama, saboda idonta na hagu ya yi yana, na daman ne ke aiki. Ban taɓa ganin mai naci irinta ba. Kafin sauran su gama rarrabe “b” da “d”, ita ta fara haɗa kalmomi. Idan tana rubutu bakinta na tafiya tare da hannunta, tana faɗin kowace gaɓa a hankali kafin allin ya sauka.

To a littafin nan akwai wani yaro da ke yin komai. Shi ke sayen tumatir, shi ke hawa dutse, shi ke ɗebo ruwa. Sunansa irin wanda kowane layi a Jos akwai mai shi ne. Ba zan rubuta shi a nan ba, zan ce “wane”, dalilin kuma yana zuwa.

Ranar da muka kai shafin, kowace mace ta karanta, “Wane ya sayi tumatir.” Da aka zo kan Inna sai ta ɗora yatsa a kan layin, ta ce, “Yaron nan ya sayi tumatir.”

Ƙawata ta ce, “A'a Mama, kai duba da kyau. Ba yaro aka rubuta ba.”

Inna ta duba da kyau, ta sake cewa, “Yaron nan ya sayi tumatir.”

Abin ya ɗaure mana kai. Matar da ta karanta “tumatir” ba gargada, me zai hana ta ɗan gajeren suna? Ƙawata ta ce idon ne, ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe har ya cika allo. Inna ta kalla, ta yi murmushi, ta ce rubutun ya yi kyau. Asabar ta gaba ƙawata ta yanka sunan gaɓa-gaɓa, ta warwatsa cikin wasu kalmomi. Inna ta karanta kowace gaɓa ita kaɗai lafiya lau. Da aka haɗa su wuri ɗaya sai bakin ya rufe. Ni kuma na lura duk sanda aka zo wurin, sauran matan sai su ja mayafi su rufe baki, kafaɗunsu na rawa.

Da aka tashi na tare wata mai ƙosai a waje, na ce don Allah ta gaya min abin da ake yi wa dariya.

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ke Malama, ba Bahaushiya ba ce? Sunan ɗanta na fari ne fa. Ko ita 'yar Ibon a yi mata uzuri, ke fa?”

Na san kalmar kunyar ɗan fari, kamar yadda na san sunayen garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Na ɗauka abin mutanen da ne, ya ƙare a ƙauye. A keke ina komawa gida sai wani tunani ya faɗo min: ni kaina, na taɓa jin Ummata ta kira babban yayanmu da sunansa? Na yi ta lalube a kaina. “Yayanku.” “Wancan.” “Ku kira min shi.” Ni ce auta, sunana kuwa a bakin Umma yake kwana yake tashi, har maƙwabta sun gaji da jin sa. Ina shiga na same ta tana tsince shinkafa, na ce, “Umma, wai ya sunan Yaya ma?”

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Idan karatun ne ya fara taɓa miki kai, ki faɗa tun da wuri.”

Na yi shekara ashirin da wani abu a gidan nan, sai da kwaleji ta tura ni Kwararafa na ji abin da ba a faɗa a ɗakinmu.

Da na yi wa ƙawata bayani, ta riƙe baki. Ta ce a gidansu ita ce ta fari, kuma sunanta ya zama sunan mamanta, duk Taminus “Maman wance” ake ce mata, ita kuma tana amsawa da alfahari. Ta jero min tambayoyi. Idan yaron zai faɗa wuta fa, me za a kira? Idan asibiti suka tambaya? Haushinsa ake ji, ko tsoronsa? Na ce ba haushi ba ne, kara ce, ana ɓoye son ne don kada a ce an zaƙe a gaban surukai. Ta ce, “To shi yaron wa zai gaya masa ɓoyewa aka yi?”

Inna ce ta ba mu amsar, wata Asabar da ruwa ya tsare mu mu uku bayan kowa ya gudu. Ƙawata, da ba ta iya riƙe tambaya a ciki, ta durƙusa kusa da ita ta ba ta haƙuri a kan nacin da ta yi mata, sannan ta ce, “Mama, shi wannan ɗan naka, yana ina?”

Na zaci za ta share. Sai ta juya wajen taga, ta yi magana kamar da ruwan take yi. Ta ce tana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, haka ake yi. A gida ɗaya suke amma ba ta goya shi a gaban mutane, ba ta sa masa baki, in ta dafa abu mai daɗi sai ta ba ƙanwar mijinta ta miƙa masa kamar daga ita ne. Ya girma ya tafi Fatakwal, yana gyaran manyan motoci, ya yi iyali a can. Zuwansa na ƙarshe, lokacin rasuwar mahaifinsa, ta ji shi ta bayan labule yana gaya wa ƙanwarsa cewa ga shi har ya fara furfura bai taɓa jin sunansa a bakin wadda ta haife shi ba. Tun daga nan yana aike, ba ya zuwa. Yana kiran ƙanwar a waya ya tambayi lafiyar kowa, ba ya cewa a ba Inna.

“An ce min idon daman ma yana bin ɗan'uwansa,” in ji ta. “Sunan nan na san shi a kunne. Na ce kafin duhu ya rufe, bari in je in ga kamanninsa.”

Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Ƙawata kuwa, da ido ya ciko, abin da ya fito daga bakinta tambaya ce: “To Mama, idan ka rubuta, ka faɗa ke nan?”

Wannan tambaya ta cinye mana rabin darasin Asabar ta gaba, don Inna da kanta ta jefa ta a gaban aji. Tela ta ce hannu da baki ai duk na mutum ɗaya ne, abin da baki ya ji kunya hannu ma ya ji. Mai ƙosai ta ce sam, kunya a harshe take, kakanninmu ba su hana rubutawa ba tunda su ba su rubuta ba. Wata ta ce ai mai rubutu sai ya faɗa a zuciyarsa kafin ya rubuta. Inna ta ce, “In don zuciya ne, ai kullum ina faɗa.” Daga nan aka bar ta a kan hannu ba shi da laifi.

Sai dai wata matsalar ta ɓullo, wadda babu ita a littafin malaminmu. Na faɗa cewa hannun Inna ba ya tafiya sai da bakinta. Da ta ɗauki alli ta rufe baki, sai hannun ya tsaya cak a kan allo. Ta san baƙaƙen sarai, amma ba ta san wanda ke bin wani ba sai ta ji su. Na buɗe baki zan faɗa mata gaɓar farko, sai na ji harshena ya yi nauyi. Tunda na san ko sunan wa ne, na kasa furta shi a gabanta. Abin ya ba ni mamaki, ashe ni ma ina ɗauke da kunyar ban sani ba.

Ƙawata ta matso da benci. “Mama, ni ba ni da wannan kunya. Ni zan zama bakinka, kai ka zama hannu.”

Haka suka yi ta yi, Asabar bayan Asabar. 'Yar Ibo na faɗin sunan a hankali, gaɓa bayan gaɓa, tsohuwa na bin ta da alli, leɓunanta a datse. Wani lokaci in ga maƙogwaronta na motsi. Sannu a hankali ƙawata ta riƙa rage murya, daga faɗa zuwa raɗa, daga raɗa zuwa ƙwanƙwasa benci da yatsa.

Asabar ɗinmu ta ƙarshe an wayi gari da ruwa, har 'yar Inna, ƙanwar ɗan nata na Fatakwal, ta rako ta da lema. Inna ta zauna a wurinta na kullum, ta goge allonta da gefen zane, ta ce kada kowa ya taya ta. Ta rubuta sunan ita kaɗai. Layin ya karkace ya gangara ƙasa, baƙi ɗaya ya juya baya, amma duk wanda ya gani zai karanta. Ta kai shi dab da idon daman, ta daɗe tana kallo.

Ƙawata ce ta ce a ɗauki hoto a tura masa. Inna ta ce to, amma ban da fuskarta. 'Yarta ta ɗauka da wayarta: allo, da hannun da ke riƙe da shi, da zoben azurfa da ya shige cikin yatsa, da farin alli a kan farce. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta tura.

Muka ci gaba da darasi, ko in ce muka yi kamar muna yi. Ba wadda hankalinta ke kan littafi. Can wayar ta yi ƙara, saƙon murya ne, ɗan gajere. 'Yar ta dubi uwarta, ta kunna. Aka fara jin hayaniyar gareji, ƙarfe na dukan ƙarfe. Sai numfashin mutum, kamar ya buɗe baki ya fasa. Sannan muryar babban mutum ta ce:

“Na'am, Inna.”

Shi ke nan saƙon. Mai ƙosai ta sa mayafi ta rufe fuska, wannan karon ba dariya take ɓoyewa ba. Ni ma na yi kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Inna ta juya wajen taga. Ta ce wa 'yarta, “Ki tambaye shi ko ya ci abinci.” 'Yar ta fara danna waya, sai tsohuwar ta miƙa hannu. “A'a. Kira shi, ki ba ni.”

Muka tashi dukanmu muka fita, muka jeru a ƙarƙashin ɗan bakin kwanon da bai isa ya tare mana komai ba. Ruwa ya jiƙa mu sharkaf, ba wadda ta ce a koma ciki. Ƙawata na rawar sanyi tana tambayata a kunne ko ina ganin Inna za ta faɗi sunan yanzu. Na ce ban sani ba, kuma karo na farko a rayuwata ban so in leƙa ba.

Da ta fito, ba ta ce mana komai a kan wayar ba. Allon na kwaleji ne, ya kamata mu tattara mu mayar a ranar. Muna kallo ta wuce mu da shi a ƙarƙashin mayafi, ta kifa rubutun a ƙirjinta don kada ruwa ya taɓa shi.