Yaya Mairo da Ƙwallon da Ba Ta Faɗi Ba

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gindin darbejiyar nan ta Umbadda ya san dokar yayata Mairo: muddin ƙwallo tana sama, buta ma tana sama, ba ta zuba wa kowa shayi. Shagon mai gyaran talabijin ne a gefenmu, yana da dish, kullum akwai akwati ɗaya a kunne a bakin ƙofa. Nan Yaya, matar da ta girma tana tsinkar auduga a Jazira, ta kamu da kallon tanis ɗin mata. Ni da nake sayar da kisra, wainar dawa mai faɗi, kusa da ita, ni na sha wahalar abin.

Wata rana wani ɗalibi ɗan Nijar ya miƙo kofi, ya gaji da miƙo.

"Haja, don Allah, karatu zan je."

"Ya zol, bawan Allah, ka ga ƙwallon ta faɗi?"

"A'a."

"To karatun ma bai faɗi ba. Zauna."

Ba ta san sunan 'yar wasa ko ɗaya ba, lissafin cin ma ta ce ba ruwanta. Kashi biyu ta raba su: masu gaggawa da masu mayarwa. Idan wata doguwa ta maka ƙwallo sau ɗaya aka tashi, sai Yaya ta ja tsaki: "Wannan ai korar baƙo ce, ba wasa ba!" Tata ita ce wata gajeriya mai tsayawa can layin baya, a bugo dama ta mayar, a bugo hagu ta mayar, har mai ƙarfin ta ƙosa ta zuba a raga da hannunta.

Ran nan gajeriyar da wata doguwa suna tsakiyar irin wannan doguwar musayar, kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke. Kowa ya ce kash, ya watse. Da wutar ta dawo an riga an gama, mai shago ya ce doguwar ce ta ci. Yaya ta ce ƙarya yake.

"Tunda ban ga ta faɗi ba, tana sama."

Har ya nuna mata hoton doguwar riƙe da kofin nasara a jarida, ta ce hoto ai kowa ma yana ɗauka. Kai, Yaya Mairo!

Ga kuma 'yan kasha, masu zuwa da mota su kwashe kayan masu shayi a shekarun nan na soja. Su ɗauke mata murhu da kujeru, washegari ta dawo da murhun gwangwani da bulo na zama. Su sake kwashewa, ta sake dawowa. Wurin nan kuwa shi ne abincin marayun da ɗanta ya bari, in ta matsa kwana biyu wata ce za ta zauna. Ni dai na gaji, na gaji da bin ta karɓo buta a rana. Na ce, "Yaya, ki haƙura mu koma ƙofar gida."

"Khalas, shi ke nan, Hajara, kin zama mai gaggawa! Su ƙarfi gare su. Ni mayarwa kawai nake yi."

Shekaru suka ja, har babban 'yan kashan ya yi furfura. Wata safiya ya sauko daga mota shi kaɗai, ya zauna a kan bulo, ya ce a ba shi shayi da na'ana'a. Na bar kisrata ina kallonsu. Ita kuwa ta ɗaga buta, idonta a akwati.

"Jira tukuna, Janabu, ranka ya daɗe. Ba ta faɗi ba."

Wallahi ya jira!

Da ciwo ya kwantar da ita, na so in zauna a kanta, ta kore ni. Ta ce in je in tsare wurin, kada su zo su tarar ba kowa. Ina can ina hura mata murhu aka zo aka gaya mini. Ban ga cikawarta ba, wannan ya daɗe yana ci mini rai. Yanzu ni ce a gindin darbejiyar, gwiwoyina sun ƙi, marayun sun girma, amma na kasa tashi. Tunda ban ga ta faɗi ba.

Allah Ka jiƙan Yaya Mairo, Ka hutar da ita, don ta gaji ko da ba ta taɓa faɗa ba. Ka ba ta inuwar da ba mai tashinta. Amin.