Ƙafar Baba Sule da Akwatin Sifanoninsa

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da na sa Baba Sule ya cire takalminsa a gabana ba. Lokacin ina shekarata ta uku a kilinik ɗin wani kamfanin robobi a Sharaɗa. Ni kaɗai ce nas ɗin safe, likita kuwa sau biyu yake leƙo mu a mako. Tsarinmu shi ne, duk ma'aikacin da ke da ciwon suga sai ya zo awo a farkon wata, na sa hannu a katinsa, sannan a bar shi ya kama aiki.

Baba Sule shi ne shugaban masu gyaran injuna, mutumin Ringim, ya haura sittin, shi ma yana cikin masu ciwon sugan. An san shi da cewa ba ya wuce inji uku bai tsaya ba, ya dafa, ya karkata kai yana saurare. Ma'aikata suna tsoron tsayuwar nan, don sun ɗauka laifi yake nema. Ran nan ina kallonsa ta taga yana tahowa, sai na ga ya tsaya ya dafa wani mataccen inji da aka yar a tsakar gida tun kafin a ɗauke ni aiki.

Da ya zauna na ce, "Baba, me injin can ya gaya muku?"

Ya harare ni, sannan ya yi dariya. "Sista, kin cika sa ido."

Da ƙyar ya faɗa mini gaskiya. In ya yi ɗan taku, sai sharaɓarsa ta dama ta ɗaure kamar an zarga mata igiya, sai ya huta take sakinsa. Na taɓa ƙafar na ji ta sanyi ƙalau, na lalubi bugun jini a bayan tafin ban samu ba, ga wani gyambo a ɗan yatsa da ya fara duhu.

"Kar ki rubuta," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Yayana haka ya fara. Guntule masa ita aka yi."

Na ce, "Ai don kar a kai can zan rubuta, Baba."

Likitanmu ya tura shi hoto, daga nan aka haɗa shi da wani ƙwararre a Abuja. Hoton ya nuna jijiyar da ke kai jini ƙafar ta tsuke, bangonta ya daskare da sinadarin kalsiyam har ya yi tauri kamar ƙashi. Irin wannan, balan-balan ɗin da ake hurawa a buɗe jijiya ba ya iya ta shi kaɗai. Ta waya likitan Abujan ya yi mana bayani: zai huda ɗan ƙaramin rami a saman cinya, ya zura siririyar waya cikin jijiyar, a bi ta da wani mitsitsin kai mai juyawa ya kankare taurin, sannan a hura balan-balan.

Baba Sule ya ce, "Likita, mu bututu in ya toshe haka, yanke shi muke yi mu sa sabo."

Likitan ya ce, "To Baba, wannan ba a samun irinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa."

Bai yarda da zancen ɗan rami ba ko kaɗan. Ana jibi za mu tafi ya tara mutanensa bayan sallar Azahar, ya nemi gafarar kowa, ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya rabar. Mataimakinsa Ɗanladi, wanda ya yi shekara da shekaru ba a bar shi ya taɓa akwatin ba, shi ya samu sifanoni, yana karɓa yana share hawaye.

Dokar kamfani ce nas ta raka mara lafiya, don haka ni da babban ɗansa muka tafi da shi. Ba a sa shi barci ba, wurin hudar kawai aka kashe. Likitan ya fito yana dariya, ya ce da Baba ya ji ƙarar na'urar sai ya ce a dakata, wannan injin yana bukatar giris. Abin da ya fi wahalar da shi shi ne kwanciyar awoyi ba tare da ya lanƙwasa ƙafa ba. Da la'asar na taɓa tafin na ji ɗumi. Na kama hannunsa na ɗora masa a kai, ya shafa, ya ce, "Alhamdu lillahi." Likitan ya gargaɗe shi cewa jijiyar tana iya sake tsukewa, sai ya riƙe magani, ya riƙa tattaki, ya dawo a duba. Gyambon kuwa ni na yi ta wanke shi har ya rufe.

Masu zuwa dubiya gidansa da ke Hotoro sun tarar da shi a zaune yana shan shayi, ba bandeji ba ɗinki. Filasta ɗaya ce tak, ita ma a inda ba ya nunuwa. Nan aka fara cewa hutu kawai Baba ya je Abuja. Da ya koma aiki ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kayansa. Ɗanladi ya ce, "Baba, gaban shaidu fa kuka ba ni."

"Na ba ka ne a kan zan mutu. Na mutu?"

Sai da aka yi sulhu a ofishina: sifanoni lamba sha uku da sha bakwai suka zauna wurin Ɗanladi.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu na kamfani ba taurin kai ke hana su zuwa ba, tsoro ne, kowa da abin da ya gani a gidansu. Kuma duk takardun faɗakarwar da na manna a bango ba su yi aikin da mutum ɗaya da ya je ya dawo da ƙafarsa ya yi ba. Ba a yi wata biyu ba Baba Sule ya shigo mini riƙe da hannun wani dattijo mai gadin ƙofa, ya zaunar da shi a kujera, ya ce, "Sista, duba mini wannan. Wai takalmi ne ke matse shi."