Gwaten Acca a Jos Jarawa

Shekarun baya, lokacin ina ganin kaina wani ne a aikin ido, na bi wata tawagar masu aikin sa kai daga Damagaram zuwa Jos. Kwana goma za mu yi muna cire wa mutane yanar ido kyauta. Ni ba likita ba ne, malamin jinya ne. Aikina in haska ido da tocila, in tantance wanda yanarsa ta isa aiki, in ba shi kati. Ina alfahari da cewa ko a kasuwa na haɗa ido da mutum ina gane mai yana. Ku riƙe wannan alfaharin, domin matar da ta ciyar da ni kwana goman nan da ƙyar take bambance dare da rana, kuma ban gane ba sai da aka naɗe kayan aiki.

Masaukin da aka kama mana bai ɗauke mu duka ba, sai mutanen gari suka rarraba sauranmu. Ni na faɗa hannun wani mai sayar da katako a kasuwar Katako, wanda ya ajiye kasuwarsa yana tsara mana layi yana yi mana tafinta. Tun ranar farko ya zama abokina. Ya ɗauke ni a akori-kurarsa zuwa Jos Jarawa, gidan mahaifiyarsa, tsohuwar malamar firamare da kowa ke kira Mama. Kiristoci ne, amma na tarar da buta da sabuwar tabarma a ɗakin, har ta aika an tambayo maƙwabcinsu inda alƙibla take.

"Ɗana, nan gidanka ne," in ji ta. "Sanyin Jos ba ya wasa fa. Bargo biyu na sa maka, in bai ishe ka ba ka yi magana."

Na ce ai mu mutanen Sahara mun san sanyi. Kafin asuba na nemi na uku.

Kullum da sassafe muke fita, mu dawo da magariba. Muna shigowa za mu tarar da gwaten acca yana tururi, da ganye da gyaɗa da wake a ciki. Ban taɓa cin irinsa ba. Daren farko na yi kunyar baƙo, na biyu na yi ƙari, na uku kuwa da kaina na tambayi inda tukunyar take. Mama tana zaune a kujerarta gefen ƙofar kicin, inda hasken ƙwan lantarki bai cika kaiwa ba, tana tambayata mutum nawa muka yi wa aiki yau, da yadda suke yi in an cire musu bandeji. Ni kuma in baje labari: tsohon da ya ga jikarsa ya fashe da kuka, matar da ta kalli zaninta ta ce wa ya saya mata wannan mummunan abu. Takan yi dariya, sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Tun kafin gwaten ya sauka, abokina zai kaɗa makullin mota. "Oga dokta, tashi mu je ka ga gari. Ba za ka koma Nijar ka ce asibiti kawai ka gani ba." Sai mararrabar da ake kira Tina Junction. Mu tsaya wajen mai tsire hayaƙi na dukan fuskarmu, mu koma teburin mai shayi inda direbobi da teloli ke gardamar ƙwallo kamar za a doku, ana gama gardama kuma a sha daga kofi ɗaya. Wani dare ya kai ni wani lambu da ake gasa kifi, ga masu kiɗa da jita, kowa cikin rigar sanyi. Aka ja ni rawa. Abin da na yi a filin nan, Allah ya sa babu wanda ya ɗauka a waya. Har yau in na ji ƙamshin yajin tsire cikin iska mai sanyi, sai Jos ta faɗo mini a rai.

Ranar tara da yamma aka rufe aiki. Aka loda na'urori a mota, likitan da ke yin tiyatar ya wuce gaba. Washegari ne karo na farko da rana ta same ni a gidan. Mama ta fito tsakar gida riƙe da ƙullin acca da dankalin turawa na tsaraba. Na gaishe ta, na matsa gefe don in ɗaure jaka. Sai ta miƙa ƙullin inda na tashi, tana ta yi wa bango magana.

Na ciro tocila na ce, "Mama, ɗago in gani." Ido biyun duka fari fat. Yanar da minti ashirin ya isa a cire ta.

Na juya kan abokina, ban san sanda na ɗaga murya ba. "Kai da ke tsara layi! Mahaifiyarka?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi na roƙe ta, oga. Ta ce in na faɗa maka ba ta yafe ba."

"Kar ka yi masa faɗa," in ji Mama. "Baƙo na sauke, ba likita ba. In na shiga layi, sai a ce saboda ido na dafa maka abinci. Kuma mutanen ƙauye sun kwana a waje saboda katin nan. Ni ina da gado."

Dare tara ina ba ta labarin waɗanda suka ga jikokinsu, tana sa mini albarka, ni kuma hankalina na kan makullin mota.

Kafin mu tashi na haɗa abokina da wata malamar jinya ta nan garin da muka yi aiki tare. Bayan wata biyu aka yi wa Mama ido ɗaya, daga baya ɗayan, kuma duka sun yi kyau. Ranar da aka cire mata bandeji ta kira ni. "Ɗana, na ga kowa. Na ga wannan yaron ya yi furfura bai gaya mini ba. Saura kai." Na tura hotona a wayar abokina. Ta ce ita ba hoto ta saukar a gidanta ba, in zo da ƙafata.

Na ce bayan damina. Damina ta wuce na ce bayan sallah. Aiki, iyali, hanya, kullum da dalili mai kyau. Shekara uku tana gani da idonta, sannan abokina ya kira ni wata safiya ya ce Mama ta rasu.

Tun daga lokacin, duk gidan da aka sauke ni, sai na zauna da masu gidan da rana na dube su da kyau kafin in nemi hanyar gari. Ina kewar Jos, sanyinta da hayaniyarta da mutanenta, kuma abokina yana nan yana cewa ɗakina na jirana. Na kasa zuwa. Na duba idon mutanen da ban san adadinsu ba, amma matar da ta kira ni ɗanta ta samu ido, ta jira ni shekara uku, ta tafi ba ta ga fuskata ba.