Batirin da Ya Kumbura

Mutumin yana tsaye gaban teburin Esta, mai sayar da caja da batura a bakin titin Sharaɗa, da motar wasa mai rimot a hammatarsa. Dogo ne siriri, auduga ta maƙale masa a gemu da gira, da gani daga masaƙa ya fito. Tayoyin motar an wanke su fes, shi kuwa takalminsa ya sha ɗinki har ya gaji. Esta ta raya a ranta cewa akwai wani yaro a gida da ba a son ganin hawayensa.

Ya ajiye motar a kan teburin, yana ɗaga batura ɗaya bayan ɗaya, yana jin nauyinsu a tafin hannu. Can ya zaro tsohon batirin motar daga aljihu don ya gwada girma. Batirin ya kumbura kamar fanke.

Esta ta taɓa, ta janye hannu da sauri. "Malam, ai gobara kuka saka a aljihu! Irin wannan fashewa yake yi. A ina kuke cajinsa?"

"Unguwarmu babu lantarki," ya ce a hankali. "A wurin aiki nake jonawa. Akwai wani soket a sito, bayan dilolin auduga, ba mai gani."

"To ku gode wa Allah da kuka cire shi."

Ya juya yana kallon rufin masaƙar da ke tsallaken titi.

"Guda biyu ne," ya ce. "Ɗayan yana can a jone."

Motar tana nan a kan teburin Esta. Shi kuwa ga shi can yana ratsa titi da gudu, ƙafa ɗaya babu takalmi.